CIWON ƘAFA DA DIDDIGE: WANNE AKE JINYA A GIDA, WANNE AKE KAI WA LIKITA?

A ƙasar Dungas da Magarya, kusan kowane aiki da ƙafa ake yin shi. Manomi da ƙafa yake zuwa gona, a tsaye yake noma tun safe har azahar. Mace da ƙafa take zuwa rijiya, ta komo gida da tulu ko bido bisa kai. Makiyayi yana bin dabbobi wuni guda. Masu fatauci suna kora shanu da awaki daga Malawa, Guci da Dogo-Dogo zuwa kasuwanni, wasu har Maigatari ta Najeriya, wadda take ci ranar Alhamis. In ƙafa ta ƙi, aiki ya tsaya. In ta ƙi cikin damina, lokacin noman fari, ciyawa ta ci gona, rumbu ya kwana rabi.

Ciwon ƙafa iri-iri ne. Akwai mai zafi ƙwarai wanda ba shi da hatsari. Haƙuri da motsa ƙafa a gida sun ishe shi. Akwai kuma wanda zafinsa kaɗan ne, amma in aka yi sakaci yakan kai ga gurguntaka, ko yanke ƙafa, ko rasa rai. Saboda haka yawan zafi ba ya nuna girman hatsari. Ya kamata kowane magidanci da kowace uwargida su iya bambanta su.

YADDA ƘAFA TAKE

Daga idon sawu zuwa yatsu, ƙafa guda tana da ƙasusuwa 26. Ƙafafu biyu 52 ke nan. Duk jikin babban mutum ƙasusuwa 206 gare shi. Ashe kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwan mutum a ƙafafunsa suke.

Jijiyoyi biyu manya suna riƙe da diddige. Ta farko tana ƙarƙashin tafin ƙafa. Ta tashi daga diddige, ta miƙe har gindin yatsu. Tafin ƙafa kamar baka yake, wannan jijiya kuwa ita ce tsirkiyarsa. Duk takun da mutum ya yi, sai ta miƙe ta komo.

Ta biyu ita ce agara. Tana bayan ƙafa, ta haɗa naman sha-raɓa da ƙashin diddige. Kowane mahauci ya san ta, domin ta nan yake rataye akuya in zai yi fiɗa. Ita ce jijiya mafi ƙarfi a jikin mutum. Ita take ɗaga diddige in mutum yana tafiya, ko gudu, ko tsalle.

Ƙarƙashin ƙashin diddige kuma akwai kitse mai kauri, kamar gammo. Shi yake tare nauyi. In shekaru sun yi yawa, wannan gammo yakan sirance.

CIWON DIDDIGE NA SAFE

Wannan shi ne ciwon diddige da ya fi yawa. Alamarsa ba ta ɓuya. Mutum ya tashi da asuba zai je alwala, yana taka ƙasa sai ya ji kamar ya taka ƙusa. Ya yi ɗingishi taku goma ko ashirin, sai zafin ya lafa. In ya zauna hira ya daɗe, ya miƙe, zafin ya komo. Da marece, bayan wahalar wuni, ya sake tashi. In an danna ƙarƙashin diddige ta wajen ciki da babban yatsa, nan zafin yake. Babu rauni, babu mugunya, babu masassara.

Dalilinsa shi ne gajiyar jijiyar tafin ƙafa a wurin da ta kama ƙashi. Abubuwan da suke kawo shi su ne doguwar tafiya, yawan tsayuwa bisa ƙasa mai tauri, ɗaukar kaya mai nauyi, ƙiba, da takalmin da ya cinye. Bido mai cin litir 25 nauyin ruwansa kilo 25 ne. Macen da take ɗaukarsa sau huɗu ko biyar a wuni, ga goyo a baya, diddigenta ne yake biyan bashin. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, maza da mata.

Labari mai daɗi shi ne, cikin mutum 10 masu wannan ciwo, wajen 9 suna samun sauƙi cikin shekara guda ba tare da aikin tiyata ba. Ga abin da ake yi a gida:

1. Da asuba, kafin a taka ƙasa, a zauna bisa shimfiɗa a miƙe ƙafa. A sa zane ko rawani a tafin ƙafa wajen gindin yatsu. A jawo shi wajen ƙirji, gwiwa a miƙe. A ƙirga daga 1 zuwa 30, a saki. A yi haka sau 3.

2. A zauna, a ɗora ƙafa mai ciwo bisa gwiwar ɗayar. A kama yatsu da hannu a tanƙwara su baya, har a ji jijiyar tafin ƙafa ta ɗame. A ƙirga 10, a saki. A yi sau 10, da safe, da rana, da dare.

3. A tsaya gaban bango, a dafa shi da hannu biyu. Ƙafa mai ciwo a baya, diddige a ƙasa, gwiwa a miƙe. A karkata gaba har a ji sha-raɓa ta ja. A ƙirga 30. A yi sau 3.

4. Da dare a kwantar da taɓarya ko kwalba a ƙasa. A ɗora tafin ƙafa, a riƙa mirgina ta gaba da baya kamar minti 5.

5. A bar tafiya ba takalmi. A nemi takalmi mai kauri da taushi. Silifar da ta cinye ta zama kamar ganye ba ta tare komi. Baduku zai iya liƙa guntun roba mai taushi a wurin diddige, kaurin yatsa guda, a takalma biyun duka.

6. A rage doguwar tafiya na ƴan makonni. Ranar kasuwa a hau jaki ko amalanke. In uwargida ce take ciwon, maigida ya taimaka da jakin ɗaukar ruwa, ko ya sa samarin gida.

Sauƙin ba ya zuwa cikin kwana biyu. Sai an yi makonni, wani lokaci watanni. Sannu ba ta hana zuwa. In an yi wata 2 ko 3 ana yi kullum ba canji, a je likita.

Tsaga da sakiya a diddige ba su kai ga jijiyar. Rauni kawai suke buɗewa a wurin da yake taka ƙasa kullum. Wani lokaci hoton ƙashi yana nuna ɗan tsini a ƙashin diddige. Kada wannan ya tsorata kowa. Mutane da yawa suna da wannan tsini, ba su taɓa jin ciwo ba, kuma ana warkewa ba tare da an cire shi ba.

Yara ma sukan yi ciwon diddige, tsakanin shekara 8 zuwa 14, musamman masu kiwo da masu ƙwallo. Ƙashin diddigensu ne bai gama ƙosawa ba. Hutu da takalmi sun isa, kuma yana wucewa in yaro ya girma. Amma in akwai kumburi da masassara, wannan wani ciwo ne dabam, a kai yaron likita ranar.

CIWON AGARA

Ciwon agara iri biyu ne: gajiya da tsinkewa.

In gajiya ce, zafin yana bayan ƙafa, kamar faɗin yatsa 2 ko 3 sama da diddige. Da safe wurin yana sagewa. In an matsa jijiyar da yatsu akwai zafi, wani lokaci a ji ta yi kauri kamar ƙulli. A hankali yake farawa.

Maganinsa ƙarfafa jijiyar. A tsaya bisa dokin ƙofa ko tubali, gaban ƙafa a sama, diddige a sarari, a dafa bango. A ɗaga jiki da ƙafa biyu. Sa'an nan a janye mai lafiya, a sauko a hankali bisa mai ciwo kaɗai. A yi sau 15, a huta, a sake, har zagaye 3. A yi da safe, a yi da marece, har mako 12. Likitocin ƙasar Suwidin ne suka bayyana wannan dabara a 1998, kuma ana aiki da ita a ƙasashe da yawa. Ɗan zafi kaɗan lokacin yi ba laifi ba ne. In zafin ya yi tsanani, a rage.

Tsinkewa kuwa farat ɗaya take zuwa. Ta fi samun maza masu shekara 30 zuwa 50. Takan faru a filin kokowa, ko ƙwallo, ko langa, ko wajen tsalle daga amalanke, ko wajen tura motar da ta kafe cikin rairayi. Mutum ya ji kamar an buge shi da sanda a bayan ƙafa, wani lokaci har da ƙara. Ya waiwaya, bai ga kowa ba. Shi ya sa wasu suke cewa jifa ne. Agara ce ta tsinke.

Abin da yake ruɗin mutane shi ne, bayan ɗan lokaci zafin yana raguwa, mutum yana iya tafiya da ɗingishi. Sai a ce targaɗe ne. Ga yadda ake ganewa:

1. Ba ya iya tsayawa bisa yatsun wannan ƙafa ita kaɗai.

2. In an shafa bayan ƙafa, akan ji rami a wurin da jijiyar ta rabu.

3. Ya kwanta rub da ciki bisa gado, ƙafafu suna reto a bakin gadon. Wani ya matsa naman sha-raɓa da hannu. In agara lafiya take, ƙafar za ta motsa da kanta. In ba ta motsa ba, ta tsinke. A gwada ƙafa mai lafiya tukuna domin a ga bambanci.

In haka ta faru, kada ya ƙara takawa. Kada a ja ƙafar, kada a murza ta. A bar yatsu suna kallon ƙasa. A ɗauke shi zuwa likita ranar, ko washegari in dare ya yi. Dalilin gaggawa shi ne, naman sha-raɓa yana jan guntun sama, bakin biyu suna nisa da juna, kamar igiyar guga da ta tsinke a rijiya. In an zo da wuri, likita zai iya sa ƙafar cikin siminti, yatsu a ƙasa, domin bakin biyu su haɗu su kama. Wannan yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 ko fiye. Wani kuma ɗinke masa ake yi. In an bari makonni sun wuce, sai babban aiki, kuma ƙarfin ƙafa ba ya cika komowa duka. Ko an warke, ɗan kokowa ba ya komawa fili kafin wata 6.

Maɗora sun san aikin ƙashi, jama'a kuma sun yarda da su. Amma agara ba ƙashi ba ce. Ja da ɗaurin kara ba su haɗa ta. Maɗorin kirki, in ya matsa sha-raɓa ƙafa ba ta motsa ba, sai ya ce a wuce likita.

Haka kuma in gatari, ko lauje, ko fartanya ta sari bayan ƙafa ko bisanta. Ko raunin ƙarami ne, a duba ko yatsu da ƙafa suna motsi yadda suka saba. A wanke, a ɗaure da tsumma mai tsabta, a tafi ranar. Jijiyar da aka sara ɗinki take so.

HATTARA DA MAGANIN TALLA

Akwai ƙwayar da ake kira sifuro. Magani ne mai amfani in likita ya rubuta shi. Amma yana iya raunana agara har ta tsinke. A 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa a rubuta babban gargaɗi game da haka a takardar maganin. Hatsarin ya fi yawa ga wanda ya wuce shekara 60, da mai shan ƙwayar deksa, wadda wasu suke sha domin ƙiba ko ciwon gaɓoɓi. Wanda yake shan sifuro ya ji bayan ƙafarsa ya fara ciwo, ya dakata, ya koma wurin wanda ya rubuta masa.

Tramol yana rufe zafi ne kawai. Mutum ya sha, ya yi ta aiki bisa jijiya mai rauni har ta lalace, ga kuma sabo da ƙwayar. Ibuprofen da diklofenak suna rage zafi, amma yawan shansu yana ɓata ciki da ƙoda. Mai juna biyu da mai gyambon ciki kada su sha sai da izinin likita. Allura a diddige ko agara kuwa, kada a yarda mai talla ya yi ta.

ƘAYA DA FASO

Tun wajen tsakiyar shekarun 1980, manoman Magarya, Matamaye da Mirya suke barin ƴaƴan gawo su tashi cikin gonaki. Itatuwa miliyoyi sun tashi. Ƙasa ta samu taki, dabbobi sun samu abinci da rani. Amma gawo mai ƙaya ne, haka aduwa da magarya da bagaruwa. Reshen da aka sare wa dabbobi, in an bar shi a hanya, tarko ne. A tattara shi a kai shinge. Bayan girbi kuma, tushiyar gero da dawa tana huda ƙafa kamar mashi.

In ƙaya ta soki mutum, a wanke hannu da ƙafa da sabulu. A cire ta da hantsaki ko allurar da aka tafasa cikin ruwa. A tabbata ta fito duka. A sake wankewa da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da tsumma mai tsabta. Kada a cusa ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko man inji. In ta karye a ciki ta yi nisa, kada a yi ta tono da reza. A je likita.

Hatsari biyu ke bin hudar ƙaya da ƙusa. Na farko ruɓa. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, kaluluwa ta fito a matsematsi, masassara ta kama. Na biyu ciwon sarƙe haƙora, wanda likitoci suke kira tetanos. Ƙwayoyinsa suna zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Yakan bayyana kwana 3 zuwa 21 bayan rauni, wani lokaci raunin ma ya rufe. Baki ya ƙi buɗuwa, wuya ya sandare, jiki ya riƙa ɗaurewa. Yana kisa ƙwarai. Allurar rigakafi tana hana shi. Duk wanda ya samu rauni mai zurfi, ya je a duba ko yana bukatar allurar.

Faso kuma na lokacin ɗari ne, sa'ad da iska ta bushe. Da dare a jiƙa ƙafa cikin ruwa mai ɗumi kamar minti 10. A goge kaushi da dutse a hankali. A shafa man kaɗe ko basilin, a sa safa in akwai. Kada a yanke kaushi da reza. Faso mai jini ƙofa ce a buɗe ga cuta.

KUMBURIN DA BA YA ZAFI

Akwai ciwon da likitoci suke kira misetoma. Yana cikin ƙasashe masu zafi da ƙaya, kamar Sudan, Cadi, Nijar, Mali da Senegal. Ƙwayoyinsa suna cikin ƙasa, ƙaya ce take shigar da su. Ya fi kama samari manoma da makiyaya masu tafiya ba takalmi.

Yana farawa da ɗan ƙulli mai tauri a ƙafa, ba zafi. Ya yi watanni ko shekaru yana girma a hankali. Daga baya ƙananan ramuka su buɗe, ruwa yana fita tare da ƴan tsaba ƙanana kamar ƙwayar rairayi ko gero. Tsabar takan zama baƙa, ko fara, ko ja, ko rawaya. Da yake ba ya hana aiki da fari, mutane sukan bar shi har ya ci ƙashi. In ya kai nan, sau da yawa sai an yanke ƙafa.

In an zo da wuri ana jinyarsa. Wani iri ƙwayoyi suke warkar da shi. Wani iri sai an haɗa ƙwayoyi da aikin tiyata. Jinyar tana da tsawo, watanni da yawa, har shekara ko fiye, kuma ba a yanke shan magani a tsakiya. A 1991 aka buɗe cibiyar binciken wannan ciwo a Khartum ta Sudan. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Duk ƙullin da ya wuce wata guda a ƙafa, ko ba zafi, a nuna wa likita.

ƘAFAR DA BA TA JIN ZAFI

Zafi mai gadi ne, shi yake gaya wa mutum ya taka ƙaya. Cututtuka biyu suna kashe wannan mai gadi: ciwon sukari da kuturta.

Mai ciwon sukari yakan ji tafin ƙafarsa yana zugi da dare, ko kamar tururuwa tana bi, daga baya ya bar jin komi. Yana yawan shan ruwa da yawan fitsari. Ƙaramin rauni ya ƙi warkewa. Ɗigon jini guda daga yatsa ya isa a auna sukari. Wanda aka tabbatar yana da shi, ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, ko ya sa wani ya duba masa. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya gasa ƙafa a wuta lokacin ɗari. Kada ya taka rairayi mai zafi ba takalmi.

Kuturta tana farawa da tabo mai haske a fata, wanda ba ya jin shafar auduga. Tana warkewa sarai da ƙwayoyi na wata 6 ko 12. Tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da maganin kyauta. Asibitin Danja, kusa da Maraɗi, ya daɗe yana wannan aiki. Wanda ya fara magani da wuri ba ya rasa yatsa ko guda.

MAGANI DA HASKEN LEZA

Masu zuwa birni da masu kallon waya suna kawo labarin wata na'ura da ake haska wa diddige. Sunan hasken leza. Haske ne da aka tattara wuri guda, siriri kamar zare. A 1960 aka ƙera na'urar farko a Amurka. A 1967 wani likita na ƙasar Hangari mai suna Endre Mester ya lura cewa leza marar ƙarfi tana sa gashin ɓeraye saurin tsirowa. Daga nan aka fara gwada ta ga raunuka da ciwon jijiyoyi.

Leza iri biyu ce a aikin likita. Mai ƙarfi tana yanka ko ƙuna, da ita ake wasu ayyukan ido. Marar ƙarfi ita ake ɗora wa diddige ko agara. Ba ta yanka, ba ta zafi. Ana haskawa na ƴan mintoci, sau 2 ko 3 a mako, har makonni. Mai yi da wanda ake yi wa suna sa tabarau na musamman, domin hasken yana iya ɓata ido.

Gwaje-gwaje sun nuna tana rage zafin diddige ga wasu na ƴan makonni ko watanni, musamman in an haɗa ta da motsa ƙafa irin wanda aka bayyana a sama. Mataimakiya ce kawai. Ba ta haɗa agarar da ta tsinke. Ba ta cire ƙaya. Ba ta kashe misetoma, ba ta sauke sukari. Kuma tana cin kuɗi: kuɗin mota, kuɗin masauki, kuɗin kowane zama. Kada magidanci ya sai da rago ko buhun gero saboda ita, alhali bai gwada zane da taɓarya da takalmi na wata 3 ba. Wanda ya zo kasuwa da ƴar fitila mai jan haske, ya ce tana warkar da kowace cuta, kuɗi yake nema.

In ciwon diddige ya ƙi ji, likita yana da wasu dabaru. Akwai allurar kortizon, wadda take kwantar da zafi na ƴan makonni, amma yawanta yana iya tsinke jijiya ko narkar da gammon diddige. Akwai na'ura mai bugun diddige da girgiza. Aikin tiyata shi ne na ƙarshe, bayan an yi wajen shekara ana jinya.

INA ZA A JE, KUMA YAUSHE?

A fara da gidan likita mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu, su za su ba da takarda zuwa Dungas ko Magarya. Daga can, in da bukata, a wuce babban asibitin ƙasa na Damagaram. Wasu kuma sukan je asibitin ƙashi na Dala a Kano. A riƙe takardar da kyau. Wanda ya iya rubutu ya rubuta ranar da ciwon ya fara da sunan duk ƙwayar da aka sha, ya nuna wa likita.

Alamomi 7 da ba a kwana da su a gida:

1. Jin kamar an bugi bayan ƙafa, sa'an nan a kasa tsayawa bisa yatsu.
2. Sara ko huda mai zurfi, ko ƙayar da ta karye a ciki.
3. Kumburi da mugunya tare da masassara.
4. Baki ya ƙi buɗuwa ko wuya ya sandare bayan rauni.
5. Kasa taka ƙafa sam bayan faɗuwa.
6. Rauni a ƙafar mai ciwon sukari, ko yatsa ya fara baƙi.
7. Ƙulli mai fitar da tsaba, ko ƙafar da ta bar jin taɓi.

Dattawan wannan ƙasa suna tune da kurkunu. Kowace damina yakan kwantar da manoma, ƙafa a kumbure, gona ba mai noma. Babu allura, babu ƙwayar da take kashe shi. Tace ruwa da ƙyalle, gyaran rijiyoyi, da hana mai ciwo shiga tafki, su suka kore shi. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu kurkunu a Nijar. Sauran cututtukan ƙafa ma, yawancin maganinsu yana hannun jama'a: takalmi mai kauri ga babba da yaro, sabulu, share ƙaya daga hanya, allurar rigakafi, da zuwa likita tun ciwo yana ƙarami. Kafin ruwan shuka ya sauka, kowane gida ya duba takalman mutanensa kamar yadda yake duba iri da fartanya.